Taga Ɗaya

Daga ƙarƙashin gadon Baba na jawo ta,
a gidanmu na Hayin Dogo.
Farinta ya koma kalar haƙorin mai cin goro,
gizo-gizo ya yi saƙa a fankarta.
Ta ofishinsa ce, aka bar masa ranar sallama,
bayan shekara talatin yana lissafin auduga a Samaru.
Ƙwaƙwalwarta megabait sittin da huɗu.
Wayar hannun ƙanwata ma sai ta yi mata dariya.

Na kai ta Sabon Gari wajen Barau mai gyara.
Ya leƙa cikinta, ya ja tsaki:
"Kai wa 'yan gwangwan su auna maka a kilo."
Na sake hawa acaɓa da ita,
na rungume ta muka wuce Kwangila
kamar mai dawo da majinyaci gida.

Dare uku ina lallashinta.
Baƙin allo da fararen haruffa,
nan kam ba ta gardama.
Amma da na ce ta buɗe tagogi
sai faifanta ya kama gurnani,
kamar injin markaɗe ya haɗu da tsakuwa.
'Yar fitilarta na ƙifta ido ba hutu,
kibiya ta kafe a tsakiyar allo
ko da na ja linzami har bakin tebur.

Sai na shiga sauke mata kaya.
Na cire hoton bango, na bar ruwan toka.
Na cire inuwar da ke bin gefen taga,
na cire agogo, da kiɗan da take gaisuwa da shi.
Launi miliyoyi na mayar ɗari biyu da 'yan kai.
Na sallami barorin da ke laɓe a bayan fage,
suna cin tuwo ba wanda ya aike su.
Na yanka mata fili a faifai
inda za ta riƙa jingine abin da ya fi ƙarfin kanta,
kamar mai ɗaki ɗaya
da ke kai akwatinta maƙwabta in baƙi sun sauka.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

A dare na uku Nepa ta yi mutunci.
Biyu saura kwata, taga ta buɗe,
siririya, ba kwalliya.
Na ƙara ta biyu, ta yi nishi.
Ta uku, ta sandare.
To, na ji. Ɗaya.

Da hantsi na zaunar da Baba a gabanta.
Shi ma haka yake tun bara.
In ka ce, "Ka karya? Ka sha magani?"
sai ya tsaya kallon bakinka,
tambaya ta ture tambaya, duka su zube.
Shekaranjiya da sunan ƙanensa ya kira ni,
wanda aka binne tun ban yi wayo ba.

Na buɗe masa taga ɗaya:
jadawalinsa, gonar gwaji, daminar casa'in da takwas.
Ya gyara zaman tabarau.
Ya ɗora yatsa a gilashin, yana bin layi sannu.
"Wannan irin ba ya son ruwa da yawa.
Na gaya wa Ilu, ya ƙi ji."
Ya yi dariya har da tari.
Ya lissafo fegi-fegi,
wa ya yi huɗa, wa ya makara da feshi,
wa ya karkatar da buhun taki zuwa gonar surukinsa.
Ga Baba nan, ba abin da ya ragu.

Lantana ta ɗaga labule da kofin kunu,
bakinta ɗauke da tambaya,
a sa sukari ko a bari.
Na ɗaga mata hannu.
Dakata tukuna, kar ki buɗe wata.

Ta tsaya a bakin ƙofa.
Fanka na ta juyi, kunu na hucewa,
yatsan Baba ya sauka layi na goma sha bakwai.